Kumburi biyu a ciki ɗaya: ina iyakar abincin FODMAP ga mai ciwon hanji?

A harshenmu kalma ɗaya ce take ɗauke da ciwo biyu. Idan mutum ya ci alale da daddare, ya wayi gari cikinsa ya yi tam kamar ganga, sai mu ce yana fama da kumburin ciki. Idan kuma likita ya zura na'urar hangen hanji ya tarar bangon hanjin ya yi jawur, ya saluɓe, yana tsattsafar da jini, shi ma sai a fassara mana shi da kumburi. Na farko iska ce da ruwa suka cika hanji. Na biyu rauni ne a jikin naman hanjin kansa, wanda garkuwar jiki ke haddasawa sa'ad da ta juya wa mai ita baya. Mai cutar kumburin hanji yana iya haɗa duka biyun a lokaci guda, kuma rashin bambance su yana jefa iyalai da dama cikin kuskure mai tsada.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne saƙon wata uwa da ya iso mini kwanakin baya. Ɗanta saurayi ne da aka tabbatar yana da gyambon babban hanji, an kuma ɗora shi a kan magani. Zawon jini ya tsaya, amma kumburin ciki da ƙugi da yawan tusa suka ƙi barinsa. Sai wata yayarsa ta samo masa jerin abinci a intanet, wanda ake kira abinci mai ƙarancin FODMAP. Ya bar burodi, ya bar wake, ya bar albasa da madara da mangwaro, kuma cikin makonni kaɗan cikin ya lafa. Yanzu wata na huɗu ke nan ba ya cin komai sai shinkafa da kifi da ɗan alayyafo. Tambayar uwar ita ce: "Malam, tunda Allah Ya kawo sauƙi ta hanyar abinci, ba sai mu ajiye ƙwayoyin nan ba? Tsadarsu ta ishe mu."

Amsata gare ta, Hajiya, a'a ce. Kada a ajiye maganin, kuma wannan takurawar ma ta wuce wa'adinta. Ga dalilaina.

Cutar kumburin hanji iri biyu ce manya. Akwai gyambon babban hanji, wanda yake farawa daga dubura ya haura sama, ba ya kuma wuce babban hanji. Akwai cutar Crohn, wadda aka raɗa wa sunan likitan Amurka Burrill Crohn da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, kuma tana ratsa kaurin bangon hanji har ta ƙuntata shi ko ta huda shi. Dukansu ciwo ne mai tashi da kwanciya. Magungunan da ake bayarwa, irin su mesalazin da azatiyofirin da infiliksimab, aikinsu shi ne su danne wutar da ke cin bangon hanjin, su hana ta sake ruruwa. Amma ko bayan wutar ta mutu, kusan mutum ɗaya cikin uku na masu wannan cuta yana ci gaba da jin murɗa da kumburin ciki da gudawa ko taurin bayan gida. Hanjin da ya sha wahala yakan zama mai saurin jin zafi, irin yadda tabon ƙuna yake jin abin da lafiyayyar fata ba ta ji. Domin waɗannan mutanen ne zancen FODMAP yake da amfani.

Ita kalmar taƙaitawa ce ta sunayen wasu nau'o'in sukari da danginsu a Turance. Masu bincike a Jami'ar Monash da ke Melbon a Ostareliya ne suka ƙirƙiro ta, Peter Gibson da Susan Shepherd, a wata maƙala ta 2005. Abin mamaki, a kan cutar Crohn suka fara kawo ta, ko da yake daga baya ta fi shahara wajen masu rikicin hanji da ba su da wani rauni a cikinsa. Abin da ya haɗa waɗannan sinadarai shi ne ƙaramin hanji ba ya iya tsotse su da kyau. Akwai furuktan da ke cikin alkama da albasa da tafarnuwa. Akwai sukarin da ke cikin wake da danginsa, wanda babu ɗan'adam ɗin da ke da sinadarin narkar da shi. Akwai laktos na madara, da furuktos idan ya yi yawa kamar a zuma da mangwaro da tuffa da kankana, sai kuma sobitol da manitol da ake samu a wasu 'ya'yan itace da cingam marar sukari.

Sa'ad da waɗannan suka tsere wa ƙaramin hanji, abu biyu ke faruwa. Ƙananan cikinsu suna janyo ruwa zuwa cikin hanji, bayan gida ya tsinke. Sauran kuma suna isa babban hanji, inda ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa suke jiran abinci. Duk matar da ta taɓa kwaɓa ƙullun masa ta rufe shi ya kwana ta san abin da ke biyo baya: da safe ya tashi, ya yi kumfa, har ya ture murfi. Haka ƙwayoyin nan suke yi wa waɗannan sukari, su fitar da iska, hanji ya buɗe. Lafiyayyen mutum zai yi tusa ya wuce abinsa. Mai hanjin da ya saba da ciwo kuwa sai ya ji kamar ana murɗe masa ciki. To idan aka rage abin da ke tashin, sai iskar ta ragu, ruwan ya ragu, mutum ya samu sa'ida. Hikimar ke nan gaba ɗaya, kuma babu inda ta taɓa raunin da ke jikin bangon hanji.

Wannan ba ra'ayina ba ne kawai. Gwajin da na fi ba muhimmanci a wannan fage shi ne wanda masu bincike na Kwalejin King's da ke Landan suka wallafa a 2020. Sun ɗauki mutum 52 masu cutar Crohn ko gyambon babban hanji waɗanda cutarsu ta kwanta amma ciki bai daina damunsu ba. Suka raba su gida biyu: wasu suka bi abinci mai ƙarancin FODMAP na mako 4, wasu aka ba su wani tsarin abinci na bogi, wanda shi ma yana hana wasu abubuwa amma bai rage FODMAP ba, don kada kowa ya san ɓangaren da yake. A ƙarshe, kashi 52 cikin 100 na rukunin farko suka ce sun samu gamsasshen sauƙi, a rukuni na biyu kuwa kashi 16 ne kacal. Wannan rata ce da ba za a raina ba. Sai dai adalci ya sa in faɗi sauran: a babban ma'aunin da masu binciken suka sa a gaba tun farko, wato jimillar makin tsananin alamomin ciki, bambancin bai kai matsayin da za a rantse ba sa'a ba ce. Kuma alamomin kumburin bangon hanji a jini da bayan gida ba su sauya ba. Mutanen sun ji daɗin cikinsu, cutarsu kuwa tana nan inda take.

Akwai wani abu na uku da gwajin ya nuna, wanda masu tallar wannan abinci a intanet ba su cika ambata ba. Cikin mako 4 kawai, wasu ƙwayoyin hanji masu amfani sun ragu a jikin waɗanda suka bi tsarin, ciki har da nau'o'in Bifidobacterium da wata mai suna Faecalibacterium prausnitzii. Wannan ta ƙarshe tana cikin masu samar da sinadarin butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon babban hanji, kuma an daɗe da lura cewa dama tana ƙaranci a hanjin masu cutar Crohn. Ashe abin da ke kawo iskar shi ne kuma abincin bayin Allahn da ke yi wa hanji hidima. Wanda ya yanke shi na mako huɗu ya ci ɗan bashi ne da zai iya biya. Wanda ya yanke shi wata huɗu ko shekara guda yana sa su azumin da babu wanda ya umarce shi da shi.

Ga kuma batun rama. Mai cutar kumburin hanji dama a bakin gaɓa yake. Zubar jini kaɗan-kaɗan tana cinye masa sinadarin ƙarfe har jini ya yi ƙaranci. Idan Crohn ta kama ƙarshen ƙaramin hanji ko an yanke wurin, bitamin B12 ba ya shiga jiki yadda ya kamata. Firedinisolon, wanda ake bayarwa idan cutar ta tashi, yana raunana ƙashi, ga shi kuma an hana mutum madara. A gidajenmu da yawa wake ne naman talaka. Idan aka cire shi ba a maye gurbinsa da ƙwai ko kifi ko nama ko gyaɗa ba, me ya rage? Shi ya sa nake ganin yaro mai tasowa, da mai juna biyu, da wanda ya riga ya rame, da wanda tsoron abinci ya fara kama shi, bai kamata a ɗora su a kan cikakken tsarin nan ba sai da idon likita da masanin abinci. Game da yara ma akwai abin lura: hanyar abinci da aka tabbatar tana kashe wutar Crohn a jikinsu ita ce ciyar da su abinci na ruwa na musamman zalla, na mako 6 zuwa 8, ƙarƙashin kulawar asibiti. Wannan magani ne na gaske, kuma ba shi da alaƙa da FODMAP.

Na san abin da wani zai ce: abinci ne fa, ba guba ba, idan bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba. Illar da na fi tsoro ba a cikin kwano take ba. Tana cikin natsuwar ƙarya da sauƙin yake kawowa. Kumburin bangon hanji yana iya ci gaba a ɓoye mutum yana jin garau, har sai ranar da hanji ya ƙuntata, ko ƙurji ya fashe, ko jini ya ɓalle. Kuma daɗewar kumburi a babban hanji yana ƙara haɗarin sankara, dalilin da ya sa likitoci suke fara binciken hanji da na'ura a kai a kai bayan kimanin shekara 8 da fara alamomin cutar. Wanda ya ajiye magani don cikinsa ya daina ƙugi, ya yi kamar mai gidan da ya ga hayaƙi ya ragu ya koma barci, alhali garwashi na cin azara.

Saboda haka matakin farko ba a kicin yake ba. Kafin a taɓa abinci, a tabbatar wutar ta kwanta. Akwai gwajin jini na CRP, akwai gwajin bayan gida na kalfurotektin wanda yake nuna ko bangon hanji yana ciwo, wani lokaci kuma sai an sake duba hanjin da na'ura. Jini a bayan gida, zazzaɓi, raguwar nauyi, gudawar da ke tayar da mutum cikin dare, ƙurji ko ruwa a gefen dubura, duk waɗannan ba aikin albasa ba ne, a koma wurin likita. Amai tare da kumburin ciki da kasa fitar da iska kuwa na gaggawa ne, ko da tsakar dare ne. A ƙasashenmu akwai ƙarin dalili: atuni na amiba da tarin fuka na hanji suna kama da wannan cuta ƙwarai, suna kuma iya hawa kan wanda dama yake da ita, musamman mai shan maganin da ke danne garkuwar jiki. Wanda aka yanke wa ƙarshen ƙaramin hanji kuma gudawarsa tana iya zama ta ruwan ɗaci da ke malala cikin babban hanji, kuma wannan maganinsa daban. Ban da haka, a duba abin da ake saya a kemis: ibufurofen da diklofenak suna iya tayar da cutar, taba sigari kuma tana tsananta Crohn.

Idan an share duk wannan, likita ya ce cutar a kwance take amma ciki bai bar mutum ya sakata ya wala ba, to a nan ina goyon bayan a gwada, da zuciya ɗaya. Sai dai a gwada shi yadda masu shi suka tsara, mataki uku. Matakin takurawa mako 2 zuwa 6 ne, ba ya wuce haka. Idan wa'adin ya cika babu wani canji, an samu amsa: matsalar ba daga nan take ba, a koma cin abinci kamar kowa. Idan an ga sauƙi, sai a shiga mataki na biyu, wanda shi ne zuciyar aikin kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Ana dawo da rukuni ɗaya-ɗaya, kwana uku ana ƙara yawa a hankali, a rubuta abin da aka ji, a huta kwana biyu ko uku, sannan a ɗauko na gaba. Madara domin laktos, zuma ko mangwaro domin furuktos, wake shi kaɗai, sannan albasa da tafarnuwa da burodi kowanne a nasa lokacin, domin mutum yana iya jure burodi ya kasa jure tafarnuwa. Mataki na uku shi ne rayuwa: a ci duk abin da jiki ya karɓa, a rage biyu ko ukun da aka kama da laifi, a kuma sake gwada su bayan wasu watanni. Masu binciken Landan ɗin nan, a wani gwaji da suka yi kafin wancan, sun ba masu cutar da ta kwanta waɗannan sinadarai ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun san wanne suke sha ba, sai furuktan ya fito a matsayin wanda ya tayar musu da ciki. Wannan yana nuna cewa jerin masu laifin na gaskiya yakan fi jerin waɗanda ake zargi gajarta nesa ba kusa ba.

A nan mu muna da sa'ar da Bature ba shi da ita. Shi alkama ce ginshiƙin abincinsa, daga karin kumallo har na dare. Mu kuwa shinkafa da masara da gero da dawa duk suna cikin masu ƙarancin FODMAP, don haka tuwo da koko ba sa cikin abin da za a bari. Nama da kifi da ƙwai ba su da shi sam. Gwanda da lemu da abarba da karas da kokwamba da alayyafo da dankalin turawa da gyaɗa duk suna da sauƙi idan ba a wuce kima ba. Inda gizo ke saƙar shi ne tukunyar miya: albasa da tafarnuwa, da dunƙulen ɗanɗano da garin kayan ƙamshi waɗanda da yawansu akwai garin albasa a ciki. Dabarar ita ce furuktan yana narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a mai. Ana iya soya manyan yankan albasa ko tafarnuwa a mai, a tsame su tas kafin a zuba ruwa ko tumatir, ƙamshin ya zauna, abin da ke tayar da cikin ya fita. Tsame albasa daga miyar da ta riga ta dahu kuwa aikin banza ne, ya riga ya bi ruwan. Koren lawashi ma yana ba da ɗanɗanon albasa ba tare da wahalarta ba. Wake kuma idan aka jiƙa shi aka zubar da ruwan, aka tafasa aka sake zubarwa, wani kaso na sukarinsa yana tafiya, abin da iyayenmu mata suka sani tun kafin a haifi masu binciken Monash.

Madara tana da nata labarin. Galibin manya a Afirka ta Yamma jikinsu yana rage samar da sinadarin narkar da laktos bayan yarinta, ko da yake Fulani makiyaya da yawa suna riƙe da shi har tsufa. Kindirmo da nono sun fi ɗanyar madara sauƙi domin tsamin ya cinye wani ɓangare na laktos ɗin, amma bai cinye duka ba. Kuma yawa yana da tasiri fiye da yadda ake zato, domin waɗannan sinadarai taruwa suke yi. Dubi faranti a lokacin buɗa baki: dabino, kankana, ƙosai, shayi da madara da burodi, duk cikin rabin sa'a a kan cikin da ya wuni a wofi. Kowannensu shi kaɗai wataƙila da ya wuce lafiya. Mai ciwon da ya sha wahala a daren sai ya ɗora wa ƙosai laifi har abada, alhali taron dangi aka yi masa.

Gargaɗi ɗaya da ba zan tsallake ba: wanda Crohn ta ƙuntata wa hanji, jerin FODMAP ba jagoransa ba ne. Gyaɗa da ɗanyen karas da abarba suna cikin abin da jerin ya halatta, amma a hanjin da ya tsuke suna iya toshe hanya. Shi nasa tsarin na abinci mai laushi ne marar ƙaiƙayi, kuma likitansa ne zai faɗa masa iyakarsa.

Gaskiya ne masanin abinci da ya ƙware a wannan fanni ba a kowane gari ake samunsa ba, kuma jerin da ke yawo a intanet an tsara yawancinsu ne bisa abincin Ostareliya da Turai, wasu ma suna saɓa wa juna. Ga wanda ba shi da mai jagora, ni na fi son hanya mai sassauci, wadda masu binciken Monash da kansu suka kawo: maimakon a yanke komai, a rage manyan kawai, wato alkama da albasa da tafarnuwa da wake da madara da 'ya'yan itace kaɗan irin su mangwaro da kankana da tuffa, a bar sauran abinci yadda yake. Littafin rubutu na ɗan makaranta da biro sun isa kayan aiki: abin da aka ci, ƙarfe nawa, abin da ya biyo baya. A riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako. Idan nauyi ya fara sauka, a dakata.

Ga iyali kuma, roƙona biyu ne masu kama da kishiyoyin juna. Kada a matsa wa mai ciwo da "ci mana, ɗan wannan ba zai yi maka komai ba" a cikin makonnin da yake gwaji, domin loma ɗaya ta miyar gida tana iya rikita masa lissafin kwana uku. Kada kuma a mayar da shi saniyar ware, kowa ya zama ɗan sandan kwanonsa, a ce wane ba ya cin kaza ba ya cin kaza har ya ji kunyar zama cikin 'yan'uwa. Abu mafi sauƙi shi ne a ɗebar masa miyarsa a ƙaramar tukunya kafin a zuba albasa, a ci tuwo ɗaya a tabarma ɗaya.

Ita kuwa Hajiya mai tambaya, abin da na rubuta mata shi ne: maganin ya ci gaba, batun tsadarsa kuma a kai shi gaban likita a fili, domin akwai tsofaffin magunguna irin su salfasalazin da suka fi araha, kuma likitan ne zai san ko sun dace da ɗanta. A nemi gwajin jini a ga ko ƙarfe ya ragu bayan wata huɗun nan na shinkafa da kifi, a yi na bayan gida idan da hali. Sannan daga wannan makon a fara dawo masa da abinci, a soma da cokali biyu na dafaffen wake da aka zubar da ruwansa, gobe huɗu, jibi rabin ƙaramin kwano, yana rubuta abin da ya ji.